Lord Charles Beresford, ɗan sarautar da ya yi suna a teku, baki ya hana shi kujera

Yau a filinmu na tarihin mashahuran mutane za mu ƙetare teku mu nufi tsibirin Irland, wanda ke yamma da Ingila, mu ɗauko muku labarin wani babban sojan ruwa mai suna Charles Beresford. Mun zaɓe shi ne saboda sawunsa ya biyo ta Afirka, ta Masar da Sudan, kuma saboda bashi da kasuwa suna cikin labarin nasa tun daga tushe. Mutum ne da aka haifa da komi a hannu, gida da suna da ƙarfin zuciya da farin jini, amma kujera ɗaya tak da ya fi so a duniya har ya mutu bai hau ta ba.

An haife shi ranar 10 ga watan Fabrairu na shekara ta 1846. Shekarar nan baƙar shekara ce a Irland. Wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar kamar yadda hatsi yake a wajenmu, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya cikin ƴan shekaru, wasu wajen miliyan ɗaya kuma suka shiga jirage suka yi gudun hijira. Gidan su Beresford ba ya cikin masu kwana da yunwa. Suna cikin manyan masu ƙasa, waɗanda talakawa ke noma gonakinsu suna biyan haya, kuma suna bin cocin Ingila alhali yawancin talakawan ƴan Katolika ne. Babban gidansu, Curraghmore, yana cikin yankin Waterford. Ubansa limamin coci ne, kuma a 1859, da wansa ya faɗo daga doki wajen farauta ya mutu, sai sarautar gidan ta faɗo kansa, ya zama Markis na Waterford na huɗu.

Al'adar gadonsu ta bambanta da wadda muka saba. Ɗan fari shi ke kwashe sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya, sauran ƙanne a ba su suna mai daraja da ɗan abin kashewa, su tafi su nemi na kansu. Charles shi ne na biyu. Saboda haka a watan Disamba na 1859, yana da shekara 13, aka kai shi jirgin horon yara mai suna Britannia. Ƙanensa William ya shiga sojan doki, har ya samu babbar lambar jarumta ta Ingila a yaƙin Zulu na 1879. Wani ƙanen, Marcus, ya ƙare yana lura da dawakin sukuwa na gidan sarautar Ingila.

Ba za mu daɗe a kan ƙuruciyarsa ba. Ya zagaya duniya tun zamanin da jiragen yaƙi ke tafiya da iska da ƙyalle, ya koyi ɗinkin ƙyallen da ƙullin igiya tare da ƙananan ma'aikata, abin da ya sa suka ƙaunace shi har tsufansa. Fiye da sau ɗaya ya yi tsalle cikin teku don ya ceto wanda ruwa zai ci. Ga shi kuma da ƙiriniya: a Honolulu, cikin 1865, shi da abokansa suka ciro tambarin ofishin jakadan Amurka da dare, aka tilasta musu su hau su mayar da shi da rana tsaka, jama'a na kallo. A 1874 mutanen Waterford suka zaɓe shi dapite a majalisar Landan, yana da shekara 28, kuma bai tuɓe kakin soja ba. A nan matsalar rayuwarsa ta fara. Soja aikinsa bin umarni, dapite kuwa aikinsa magana, shi ko ya riƙe biyun a hannu ɗaya. Sai ya miƙe a majalisa ya soki shugabannin da gobe zai sara musu.

Ya yi abota da Yarima mai jiran gado, ɗan Sarauniya Biktoriya, ya raka shi Indiya a 1875, daga baya aka ba shi riƙon jirgin shaƙatawa na gidan sarauta. A 1878 ya auri Mina Gardner, suka haifi ƴaƴa mata biyu.

To, yanzu mu zo Masar, inda sunansa ya fito. Sarkin Masar Isma'il ya ci bashi a bankunan Turai ba ƙaƙƙautawa, ya gina hanyoyin jirgin ƙasa da fadoji, ya yi gagarumin biki ranar buɗe mashigin ruwan Suwez a 1869. Duk ƴar kasuwar da ta taɓa cin bashi don ta biya wani bashin ta san inda hanyar nan ke ɓullewa. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigin a kan fam miliyan 4, amma ko kusa bai toshe ramin ba, don bashin ya doshi fam miliyan 100. Masu bin bashi, Ingila da Faransa, suka zo suka zauna a kan baitulmalin ƙasar, harajin manomin Masar ya riƙa wucewa kai tsaye zuwa Turai. Wani kanar ɗan ƙauye mai suna Ahmad Urabi ya tashi da goyon bayan soja da talakawa yana neman Masar ta koma hannun Misirawa. A watan Yuni na 1882 tarzoma ta ɓarke a Iskandariya, aka kashe Turawa wajen 50 da Misirawa da dama.

Ranar 11 ga watan Yuli, da ƙarfe 7 na safe, jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wuta a kan ganuwoyin bakin teku na birnin. Jiragen Faransa sun riga sun janye. Beresford yana riƙe da wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Condor, mai manyan igwa uku kacal, wanda ba a ma sa shi cikin lissafin faɗan ba. Da ya ga ganuwar Marabut tana yi wa manyan jirage ruwan harsashi, sai ya kutsa da ɗan jirgin nasa har gindinta, kusa ƙwarai yadda manyan igwoyin ganuwar ba su iya sunkuyowa su same shi, ya yi ta kai da kawowa yana harbi har wasu ƙananan jirage suka zo suka taya shi. Babban amiral, Seymour, ya ɗaga tutocin yabo ga Condor a gaban rundunar duka. Akwai ɗan jarida cikin jirgin, kuma kafin mako ya zagayo duk Ingila ta san sunan Beresford.

Abin da jaridun Landan ba su tsaya a kansa ba shi ne birnin kansa. Ingila ba ta rasa ko mutum goma ba a ranar, Misirawa kuwa ɗaruruwa suka mutu a bakin igwoyinsu. Bayan harbin, gobara da wasoso suka cinye tsakiyar birni, unguwar manyan kantuna da ofisoshin fatake ta zama toka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar da ta ƙone, yana duban inda rumfarsa take jiya, ba ya bukatar a bayyana masa. Beresford aka naɗa shugaban tsaron birnin. Ya kafa kotun gaggawa, mai sa wuta a harbe shi, mai wasoso a yi masa bulala. Cikin ƴan kwanaki gari ya lafa, aka ƙara masa girma zuwa kaftin. Urabi ya sha kashi a Tel el-Kebir a watan Satumba, kuma sojojin Ingila da suka shigo da sunan ɗan lokaci ba su bar Masar ba sai a 1956. Mu riƙe wani suna daga ranar nan: babban jirgin da ya fi kowane ƙarfi a rundunar, Inflexible, wani kaftin ne mai suna John Fisher ke riƙe da shi.

Shekara biyu bayan haka sai Sudan. Muhammadu Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ya tashi a kan mulkin Masar da Turkawa, ya kewaye Janar Gordon a Hartum. Labarin nan ba baƙo ba ne a ƙasashenmu, don alhazai da fatake sun kawo shi yamma, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin daga ƙasar Adamawa. Ingila ta aika da runduna ƙarƙashin Janar Wolseley ta bi kogin Nilu don ta ceto Gordon, Beresford kuma shi ke jagorantar ƴan sojan ruwan da ke ciki. Da lokaci ya ƙure, aka ɗora wani sashe a kan raƙuma suka yanke ta hamada. Ranar 17 ga Janairu 1885, kusa da rijiyoyin Abu Klea, mayaƙan Mahadi suka auka musu da masu da takubba. Beresford ya fitar da wata bindiga mai baki biyar, wadda ake murzawa da hannu, waje da sahun soja don ya samu filin harbi. Ba a yi nisa ba ta cije. Aka kashe hafsoshinsa biyu da yawancin mutanen da ke gindin bindigar, shi kuma aka ture shi ƙasa, ya tsira da ƴar ƙujewa. Faɗan bai wuce minti 15 ba, amma mayaƙan Sudan sama da 1,000 suka kwanta, Turawa sama da 70. Har yanzu masu tarihi na gardama a kan ko fitar da bindigar nan ce ta buɗe ƙofar da aka shigo musu ta ciki.

Hartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu, aka kashe Gordon. Sir Charles Wilson, wanda ya yi gaba da jirage biyu masu tururi, ya iso bayan kwana biyu, ya juyo, jiragen nasa duka suka daki duwatsu, mutanensa suka maƙale a wani tsibiri. Beresford ya ɗauki wani tsohon jirgi mai suna Safiya ya tafi ɗauko su. A Wad Habeshi, ranar 3 ga Fabrairu, harsashin igwa ya huda tukunyar tururin jirgin, ya tsaya cak a tsakiyar kogi daidai bakin ganuwar abokan gaba. A nan injiniyan jirgin, Henry Benbow, ya yanko farantin ƙarfe, ya lanƙwasa shi, ya huda ramuka da hannu, aikin wajen awa goma ana harbinsu. Tukunyar na da sauran zafi aka shafe wani yaro baƙar fata da kitse, ya shiga cikinta ya zura ƙusoshi daga ciki. Da asuba jirgi ya tashi, aka kwaso su Wilson. Mu faɗi gaskiya, Beresford bai ɓoye aikin Benbow ba, ya yabe shi a rahotonsa. Amma hoton da aka riƙa sayarwa a titunan Landan na ɗan Markis ne.

Ya dawo gida tauraro. Aka sake zaɓensa dapite, a 1886 aka sa shi cikin hukumar da ke mulkin sojan ruwa. Ya tarar babu wani tsarin yaƙi a rubuce, babu cikakken ofishin tattara labarin rundunonin wasu ƙasashe. Ya matsa har aka kafa ofishin a 1887, sannan ya yi murabus a farkon 1888 ya koma yana ƙorafi a majalisa da jaridu cewa jiragen Ingila sun yi kaɗan. Hayaniyar tasa na cikin abin da ya kawo dokar 1889, wadda ta ware fam miliyan 21 da rabi don gina jirage 70. Wannan karon bakin nasa ya yi amfani, kuma ga alama darasin da ya ɗauka ke nan, cewa in ka yi ƙara da ƙarfi gwamnati za ta saurara.

Sai kuma wata wasiƙa ta shigo. Beresford yana neman wata matar aure, Lady Brooke, sananniya a fadar Yarima. Da ta ji matarsa ta samu ciki, kishi ya ɗebe ta ta rubuta masa wasiƙar zafi a farkon 1889. Ba ya gari, kuma ya ba uwargida izinin buɗe takardunsa. Mina ta karanta, ba ta yi kuka a tsakar gida ba, ta kai takardar wajen lauya ta ajiye. Lady Brooke ta ruga wajen Yarima neman taimako, Yarima ya je ya karanta wasiƙar, ya nemi Mina ta bayar a ƙone, ta ƙi. Sai aka daina gayyatarta bukukuwan fada, Yarima kuma ya maye gurbin abokinsa a wajen Lady Brooke. Beresford ya shiga wajen Yarima a fusace, har saura kaɗan ya kai masa hannu. Rigimar ta kai firaminista Salisbury da kansa ya shiga tsakani a ƙarshen 1891. An yi sulhu a takarda, amma abota ta mutu, kuma Yariman nan shi ne ya zama Sarki Edward na bakwai a 1901.

Akwai wata tafiya tasa da ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye. A 1898 ƙungiyar majalisun ƴan kasuwar Ingila ta aike shi ƙasar Sin ya dubo musu halin da cinikinsu ke ciki. A lokacin ƙasashen Turai da Japan suna yi wa Sin kallon naman da za a raba, kowa na neman yankin da shi kaɗai zai yi ciniki. Ya yi wata uku yana zagaya tashoshin ruwa irin su Shanghai da Tianjin da Kanton, yana sauraren fatake. Cikin kukansu har da wani harajin kan hanya da ake kira likin, wanda ake karɓa a shinge bayan shinge, kaya su biya sau da yawa kafin su isa kasuwa. Direbobinmu da masu safara ba sa bukatar fassarar wannan. A 1899 ya fitar da littafi, The Break-Up of China, inda ya nemi a bar ƙofar ciniki a buɗe ga kowa maimakon a yayyanka ƙasar. Sai dai maganin da ya kawo shi ne a damƙa horon sojan Sin a hannun hafsoshin Turawa, wato irin maganin da aka ba Masar.

A 1900 aka tura shi tekun Bahar Rum mataimakin babban kwamanda, babban kwamandan kuwa John Fisher ne, mutumin Iskandariya. Fisher ba ɗan kowa ba ne. An haife shi a tsibirin Silon, Sri Lanka ta yanzu, a 1841, ubansa ya karye a noman kofi, ya shiga aikin ruwa aljihu wayam, ya hau da ƙwaƙwalwa da aiki da rashin tausayi. Wata rana jirgin Beresford ya yi kuskuren tsayawa a tashar Malta, Fisher ya aika da saƙon tutoci, kowa na gani, cewa ya fita ya sake shigowa yadda ya kamata. Ɗan Markis bai manta ba.

Fisher ya zama shugaban sojan ruwan Ingila gaba ɗaya a watan Oktoba na 1904. Ya sayar ko ya jingine tsofaffin jirage wajen 150, ya janyo ƙarfin rundunar kusa da gida saboda Jamus, ya gina Dreadnought, wanda aka saka a ruwa a 1906 ya mai da duk sauran manyan jiragen duniya tsofaffin yayi. Beresford yana lissafin cewa Fisher zai yi ritaya ya gaje shi. Sai a ƙarshen 1905 aka ƙara wa Fisher muƙamin da ya ba shi ƙarin shekara biyar a aiki. Daga nan adawa ta koma gaba. A 1907 aka ba Beresford babbar rundunar da ke tsaron tekun Ingila, ya mai da ita sansanin yaƙi da shugabansa. Dukiyar ƙanensa Delaval, wanda ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa a Amurka a 1906, ta ƙara masa ƙarfin yin liyafa yana tara magoya baya. Mutanensa suka riƙa yaɗa cewa Fisher ba cikakken Bature ba ne, suna yi masa ba'a da kamannin fuskarsa. Shi ma Fisher ba waliyyi ba ne, yana da masu kai masa tsegumi cikin jirage, yana kuma ciyar da ƴan jarida da labarai. Rundunar ta rabe gida biyu, ƙaramin hafsa bai san wanda zai gaisar ya tsira ba.

A watan Nuwamba na 1907 Beresford ya ba da umarni a dakatar da koyon harbi a yi wa jirage fenti saboda ziyarar Sarkin Jamus. Wani amiral na ƙasa da shi, Percy Scott, gwanin harbi, ya yi shaguɓe cikin saƙo cewa ashe fenti ya fi harbi daraja. Beresford ya kira shi ya wanke shi tas, ya kuma sanar da rundunar duka, jaridu suka samu abin ci. A watan Mayu na 1908, a wani taron fada, Fisher ya miƙo masa hannu, ya juya masa baya a gaban manyan ƙasa. Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Gwamnati ta rage wa'adinsa, a watan Maris na 1909 ya sauke tutarsa. Dubban mutane suka tarye shi a Portsmouth da Landan suna kirari, don talakan Ingila bai daina sonsa ba.

Ya rubuta wa firaminista Asquith ƙara, aka kafa kwamitin ministoci, ya fitar da rahoto a watan Agusta na 1909. Rahoton ya ce ƙasa ba ta shiga haɗarin da Beresford ya faɗa ba, ya ɗora masa laifin ƙin bin manufar shugabanninsa, ya kuma ɗora wa hukumar laifin ƙin jawo shi a jiki. Fisher ya ji an ƙi wanke shi sarai, ya sauka a watan Janairu na 1910. Kujerar ta tafi ga wani daban. A ganinmu ba duk maganar Beresford ce banza ba. Ofishin tsara yaƙi da ya daɗe yana nema an kafa shi a 1912, kuma da yaƙin duniya na farko ya zo, jiragen Jamus masu nutso suka riƙa nutsar da jiragen kaya, Ingila ta yi ta neman ƙananan jiragen rakiya ido rufe. Amma ya cuɗa gaskiyarsa da ƙiyayya har masu mulki suka daina rarrabe su.

Sauran shekarunsa a majalisa ya yi su, dapite na Portsmouth daga 1910. Ya yi ritaya daga soja a 1911. Ya tsaya tsayin daka a kan kada a ba Irland, ƙasar haihuwarsa, ko da ɗan ƴancin mulkin cikin gida. A 1914, da yaƙi ya ɓarke, yana cikin masu zuga cewa shugaban sojan ruwa na lokacin, Yarima Louis na Battenberg, asalinsa Bajamushe ne, bai kamata a amince da shi ba, alhali mutumin ya yi shekara sama da 40 yana bauta wa Ingila. Battenberg ya sauka a watan Oktoba. Wanda aka kira ya maye gurbinsa, yana da shekara 73, shi ne John Fisher.

A 1916 aka ba Beresford sarautar Baron ta ƙashin kansa, ya koma majalisar dattawa. Ya rasu ranar 6 ga watan Satumba na 1919 a Langwell, can arewacin Sikotlan, yana da shekara 73, a lokacin da yaƙin neman ƴancin Irland ya riga ya fara. An yi masa addu'ar ban kwana a babban cocin Saint Paul na Landan, aka binne shi a maƙabartar Putney Vale. Da yake bai bar ɗa namiji ba, sarautar tasa ta ƙare da shi. Fisher ya bi shi bayan wata goma, ranar 10 ga watan Yuli na 1920.